Saura Kwana Goma Sha Biyu

Litinin, 12 ga Agusta 1974, ƙarfe biyar na yamma

Kifayen tekun sun iso yau bayan azahar. Bakwai ne, kowanne cikin jakar roba da ruwansa, daga Ikko zuwa Kano ta jirgin sama, daga Kano zuwa Haɗejiya a bayan motar tasharmu ta nazarin kifi. Direba ya ce ta Gumel ya zagayo, domin ruwa ya ci hanyar Kafin Hausa. Ɗaya ya iso a kwance, amma yana numfashi.

Na sa su a tankin keɓewa, a ɗakin ajiya da ke bayan ɗakin gwaji. Ina rubuta tsarin a nan domin kada gobe wani ya ce an yi sakaci. Tankin gilashi ne, galan talatin. Ban zuba yashi ba, ban sa duwatsu ba, domin a cikinsu cuta ke ɓuya. Fasassun tukwane uku kawai na kifa a ƙasa, su sami wurin fakewa. Ruwan tun makon jiya na haɗa shi, ruwan rijiya da gishirin teku da aka aiko a buhu, na yi ta aunawa har ya zo daidai. Bokiti da koma da tiyo na wannan ɗaki duk na shafa musu jan fenti. Abin da ke da jan fenti ba ya ƙetare ƙofa. Wanda ya taɓa ruwan nan ba ya kusantar babban tankin zauren baƙi sai ya wanke hannu da sabulu. A babban tankin akwai kifi tara da suka zo tun Mayu, suka cika kwanakinsu, suna nan lafiya ƙalau.

Baba Garba, tsohon masuncin da tasha ta ɗauka yana yi mana ɗibar ruwa, ya daɗe tsugune gaban gilashin.

"Malam Ayuba, wannan mai kumburin ai talibambam ne. Har shi ma jirgin sama ya hau?"

"Ya hau, Baba."

"Ikon Allah. Shekara sittin ina cikin kogin nan, ko jirgin ƙasa ban taɓa hawa ba. To laifin me suka yi aka kulle su?"

"Ba su yi laifi ba. Baƙi ne, ba mu san abin da suka ɗauko ba."

"Kwana nawa?"

"Ashirin da takwas."

Talata, 13 ga Agusta, ƙarfe shida na safe

Littattafai sun ce mako uku zuwa huɗu. Na zaɓi huɗu, kuma ba ilimi ne ya zaɓa mini ba.

An sa bikin buɗe tasha ranar Laraba, 28 ga wata. Babban baƙo zai zo daga Kano. Idan wa'adin kifin zai cika ranar 9 ga Satumba, to ranar biki saura kwana goma sha biyu. Sau uku na ƙirga kafin in liƙa takardar a ƙofa.

Sakataren kwamitin bikin shi ne Zarami. A ofis Yallaɓai nake ce masa. A littafin nan sunansa kawai zan rubuta. Bara a watan Maris shi ke duba lafiyar makarantun kwana. An keɓe 'yan mata uku masu cuta mai yaɗuwa, aka yanka musu kwana ashirin da ɗaya. A rana ta tara aka mai da su ɗakin kwanan ɗalibai, saboda ana bukatar ɗakin da suke ciki domin 'yan rakiyar baƙon ranar raba kyaututtuka. Gadon ɗayarsu yana jikin gadon Rut.

Rut 'yata ce. Shekararta goma sha huɗu. Ba zan sake rubuta wannan ba.

Kwamitin bincike ya nemi takardar umarnin, ba a same ta ba. Babu takarda, babu sa hannu, saboda haka babu wanda ya yi. A Janairu aka yi masa ƙarin girma.

Zai zo ya ce in zuba sababbin kifin a babban tanki domin baƙo ya ga tanki cike. Na san zai zo. Zan ce masa to, amma a rubuce. Zai sa hannu, ni kuma in bi umarni. Idan da cuta a jikinsu za ta cinye duka goma sha shidan, kuma a wannan karon takardar tana hannuna, asali da kwafi biyu. Kwafi ɗaya Kano, ɗaya ga mutanen da suka zauna a kwamitin bara. Su karanta, su ƙirga kwanakin da kansu.

Laraba, 14 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Gishiri daidai. Zafin ruwa ya so ya wuce ƙa'ida, na rufa jiƙaƙƙen buhu. Sun ƙi cin abinci.

Alhamis, 15 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Shida sun ci. Baba Garba ya kawo jatan lande daga kogi, na wanke, na daddatsa musu ƙanana.

Masunta biyar sun zo daga wajen fadama suna kukan cewa bana ma ruwa bai kai inda ya saba kaiwa ba, kifi ba su sami ciyawar da za su zuba ƙwai ba. Na rubuta kukansu da kyau cikin fayil. Da za su fita suka tsaya gaban babban tanki. Ɗayansu ya tambayi Baba Garba ko gaskiya ne injin wuta yana kwana yana aiki domin waɗannan 'yan abubuwa su sha iska. Ya ce masa gaskiya ne. Mutumin ya ce, "To madalla," ya sa takalminsa.

Na yi shekara uku a ƙasar Turawa ina koyon yadda ake raya kogi. Ga ni ina dama teku a bokiti saboda wani babba ya ga irinta a otal a Ikko.

Asabar, 17 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Babu komai a jikinsu. Sau huɗu na haska su da tocila. Na kama kaina ina jin haushi.

Lahadi, 18 ga Agusta, ƙarfe uku na yamma

A coci an yi wa'azi a kan yafiya. Saratu, matata, ba ta dube ni ba, amma ta ɗora hannunta a kan gwiwata, ta bar shi har aka tashi. Na gaisa da kowa a bakin ƙofa yadda ya kamata.

Daga coci na wuce tasha. Mai zanen rawaya da baƙi yana goga jikinsa a kan tukunya. Na haska shi: fararen ɗigo a wutsiya da fiffike, kamar an barbaɗa masa gishiri. Talibambam ma yana da uku. Wanda ya iso a kwance ya fi kowa.

Na ce na gode Allah. Sai da na faɗa na ji abin da na gode masa a kai.

Litinin, 19 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Na soma magani. Ruwan tagulla ne mai launin shuɗi, ana ɗiga shi da awo: in ya gaza ba ya kashe ƙwayar, in ya zarce ya kashe kifin. Kowace safiya zan zuƙe dattin ƙasan tanki da tiyo, in canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, in auna, in cika maganin.

Zan yi shi daidai, ba tare da ha'inci ba. Ba na bukatar ha'inci. Ƙwayar nan tana da dabara: takan zauna a jikin kifi kwana kaɗan, ta faɗo ƙasa, ta rufe kanta cikin ɓawo inda magani ba ya isa gare ta, ta hayayyafa. A lokacin kifi yakan yi fes, yana ci yana wasa, wanda bai sani ba ya rantse ya warke. Sai ɓawon ya fashe, 'ya'yan su fito ɗari-ɗari suna neman jiki, a nan ne kawai tagulla ke samunsu. Shi ya sa ake riƙe magani kwana ashirin da ɗaya cur.

Ashirin da ɗaya daga yau, 9 ga Satumba ke nan. Ranar biki ita ce rana ta tara. Wannan ba ni na shirya shi ba.

Baba Garba ya ce, "Malam, da ka jefa musu ɗan guntun kanwa. Mu in akuya ta yi ƙazuwa, kanwa muke ba ta."

"Wannan ba akuya ba ce, Baba."

"To mangul fa? Gishiri ne shi ma, na Manga, ya fi na buhun nan albarka."

Na gaya masa in ya kusanci tankin da kanwa ko mangul, ran nan aikinsa ya ƙare. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, ai shawara ce." Bai kamata in ɗaga masa murya ba. Ya girmi mahaifina.

Laraba, 21 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Wanda ya iso a kwance ya mutu da asuba. Na kankari fatarsa na duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta na ɗakin gwaji, ƙwayar ce. Na rubuta a rajista: ɗaya ya mutu, saura shida.

Baba Garba ya miƙo hannu zai jefar da shi bayan katanga. Na ce ya bari. Na naɗe shi a takarda, na haƙa rami a gindin dalbejiya. Ban san dalilin da ya sa na yi ramin da zurfi haka ba.

Juma'a, 23 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Ɗigon sun ɓace. Duka shidan fes.

Zarami ya zo bayan an sauko daga masallaci, da farar babbar riga, yana ƙamshin turare. Ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta takardar da na liƙa, ya shigo ba tare da ya tambaya ba.

"Masani! Ina gajiya? Yaya Madam?"

"Lafiya lau, Yallaɓai."

"A gaishe ta. Kai, dubi wannan mai rawayar! Wallahi kamar an yi masa ɗinki. Aka ce mini ba su da lafiya, ai ga su nan garau."

"Haka suke a ido, Yallaɓai."

"To ai ido baƙo zai zo da shi. Tankin can ya yi girma, 'yan taran nan sun ɓace a ciki kamar wake a tukunyar biki. Laraba da safe a kai waɗannan."

"Wa'adinsu bai cika ba."

"Haba, Malam Ayuba. Na yini ɗaya?"

"In sun shiga ba su fita da abin da suka kai, Yallaɓai. Amma kai ne sakatare. In ka ba da umarni zan bi, sai dai a rubuce."

Ya yi dariya har da dafa kafaɗata. "Ku masu digiri da takarda! Buga ta, ranar Talata in zo in sa hannu."

Da ya tafi na cire rigar da ya dafa, na ba Baba Garba ya kai wa mai wanki. Muryata ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Na yaba wa kaina.

Asabar, 24 ga Agusta, tsakar rana

Na ga yarinyar gadon kusa da na Rut a kasuwa, tana taya uwarta zaɓen tattasai. Ta yi tsawo.

Lahadi, 25 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Saratu ta ga daftarin takardar a aljihun wandona. Malamar makaranta ce, ba ta bukatar a yi mata bayani. Ta ajiye ta kusa da kwanon tuwo, ta zauna.

"Waɗancan taran fa?"

"Za su kamu."

"Kai za ka zuba da hannunka?"

"Da umarninsa."

"Da hannunka, na ce."

Na ce mata kifi ne. Ta ce ta san kifi ne. Ta ce, "Wa zai karanta takardar kifi a Kano, Baban Rut? Wanda bai karanta ta mutum ba?" Wata goma sha bakwai ba ta kira ni da sunan nan ba. Na ce mata tuwon ya yi sanyi. Ta ɗauke kwanon.

Na je tasha. Na tsaya gaban babban tanki fiye da yadda aiki ya bukata. Akwai wani ɗan shuɗi, bai kai yatsa ba, da yakan zo kusurwar hagu duk lokacin da ya ga inuwata, domin a nan nake zuba abinci. Ban sa musu suna ba, lamba nake ba su. Shi ne na shida. Ba su yi wa kowa komai ba. Wannan ba hujja ba ce. Na san wadda ba ta yi wa kowa komai ba.

Litinin, 26 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na buga takardar da kaina, na sallami akawu. Layi huɗu: cewa shi, sakataren kwamiti, an sanar da shi kifin suna ɗauke da cuta mai yaɗuwa, an sanar da shi wa'adin keɓewa bai cika ba, kuma duk da haka ya umarta a haɗa su da masu lafiya ranar 28 ga wata saboda zuwan baƙo. Asali da kwafi biyu. Na gwada alƙalamin a bayan ambulan, yana zuba tawada sosai.

Gishiri daidai. Magani daidai. Suna ci.

Talata, 27 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta yadda abin ya faru, bi da bi.

Zarami ya zo wajen ƙarfe uku, a gajiye, da ƙurar farar ƙasa a gefen rigarsa, domin tun safe yana kan masu shafe duwatsun bakin hanya. Ya ce, "Kawo, Masani, kawo, mutanen rumfa suna jirana." Na shimfiɗa takardar a kan tebur kusa da tanki. Na cire murfin alƙalami na miƙa masa. Ya sunkuya. Bakin alƙalamin ya taɓa takardar, ɗigon tawadar yana nan har yanzu.

Sai ya karanta. Ban yi zaton zai karanta ba.

Ya karanta har ƙarshe, ya koma farko. Bai ɗago ba ya ce, "Kwana nawa aka yanka na maganin?"

"Ashirin da ɗaya, Yallaɓai."

"Gobe na nawa?"

"Na tara."

"Saura goma sha biyu."

"Haka ne, Yallaɓai."

Famfon iska yana ta ɓulɓula. Ya mai da murfin alƙalamin a hankali, ya ajiye shi a kan takardar. Ya jawo kujerar Baba Garba, wadda ƙafarta ɗaya gajera ce, ya zauna.

"Ba zan sa hannu ba, Malam Ayuba. Na taɓa sa wa irinta hannu."

Abin da na yi wata goma sha bakwai ina nema ke nan. Ya faɗe shi a ɗakin ajiya, ƙofa a rufe, babu kowa sai ni da kifi shida.

Na ce, "Ina take?"

"Na ƙona ta. Daren da aka ce mini ta farko ta rasu."

Ta farko. Su huɗu ne. Ban tambaye shi ko ya san ta nawa ce tawa ba.

Ya ce a bar su su cika kwanakinsu, baƙo ya ga abin da ya gani. Ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo, idonsa ja, ya ce, "Amma wallahi, Malam Ayuba, na tambayi likitoci. Sun ce cutar nan ko an cika kwanakin ba tabbas. Ta yiwu ta riga ta shiga ɗakin tun kafin a keɓe su. Ba wanda ya isa ya ce da an jira da ba haka ba. Da wannan nake iya barci."

Na ce, "Allah ya huta gajiya, Yallaɓai." Na riƙe masa ƙofa.

Ya ƙwace mini ramuwar. Har wannan ma ya ƙwace mini.

Laraba, 28 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Na kamo mai zanen rawaya a jar koma, na sa a jan bokiti, na ɗauka har bakin ƙofa. Daga nan zuwa zaure taku ashirin ne. Babu mai gani. In sun mutu kowa zai ce Zarami ne ya matsa, domin kowa ya ji shi ranar Juma'a.

Na tsaya da ƙafa ɗaya a waje. Hannuna ya gaji da nauyin bokitin. Na mai da kifin.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka tausayi ne. Ba tare da sa hannunsa ba, kisan nawa ne kawai, ba ya taɓa shi.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

An yi biki. Baƙo ya yanke ƙyalle, ya tsaya gaban babban tanki kamar rabin minti, ya tambaya ko ana cinsu. Aka yi dariya. Wani daga cikin 'yan rakiya ya ja Zarami gefe, na ji yana cewa, "Ina sauran da aka ce an kawo?" Zarami ya ce suna jinya. Mutumin ya ce, "Kifi ne ke jinya?" Ya sha faɗa a gaban masinjoji, ya yi shiru, har ya ba ni haushi yadda shirun ya yi masa kyau.

Alhamis, 29 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Ban je tasha ba.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Baba Garba ya zo gida da la'asar, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi shiga, ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu.

"Malam, na zuƙe datti, na ba su abinci, na wanke hannu har sau biyu. Amma shuɗiyar kwalbar nan ban taɓa ba, tunda ka ce in ta yi yawa kisa take."

"Ka kyauta, Baba. Jeka gida."

"Ba za ka zo ka ɗiga ba?"

"Su mutu mana. Wa ya damu?"

Ya dube ni kamar yadda yakan dubi sama in hadari ya haɗu. Ya ce, "Ni dai ban san karatu ba. Amma in suka mutu yanzu, Yallaɓai zai ce ka gani, an kulle su an cika umarni, ga shi ba ta hana komai ba. Kullewar ta zama banza ke nan."

Na sa takalmi. Muka koma tasha. Na auna ruwan, maganin ya sauka amma bai fita ƙa'ida ba. Na cika.

Juma'a, 30 ga Agusta, ƙarfe shida na safe

Tsohon ya faɗi abin da digiri biyu ba su nuna mini ba.

Zarami ya san ya sa hannu. Wannan ba ya hana shi barci. Abin da yake kwanciya a kai shi ne "ba tabbas". To shi zan zare daga ƙarƙashinsa. Shidan nan za su cika kwana ashirin da ɗaya, su shiga babban tanki, kuma ko ɗaya daga cikin taran ba zai yi ɗigo ba. Zan kai masa a rubuce cewa jira yana aiki.

Na san kifi ba 'yan mata ba ne, ƙwayar nan ba waccan ba ce, kuma tanki ɗaya ba ya tabbatar da komai a wurin masana. Ni na san haka. Shi ba masani ba ne.

Lahadi, 1 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Ɗigo biyu sun dawo a wutsiyar talibambam, kamar yadda littafi ya ce. Da ranar Laraba an zuba su, yau ɓawon yana fashewa a zaure. Na kira Baba Garba na nuna masa. Ya ce, "La ilaha illallahu. Ga shi kuwa ranar nan kamar ango."

Talata, 3 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Injin wuta ya tsaya jiya da rana, sa'a uku. Na tsaya ina ɗibar ruwan da kofi ina kwararawa daga sama domin iska ta shiga, har kafaɗata ta mutu. Ban taɓa kula da wani abu mai rai kamar yadda nake kula da kifin nan ba. Na sake karanta jimlar nan. Na bar ta.

Alhamis, 5 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Fes. Saratu ta ce na soma cin abinci. Ta ɗauka na haƙura. Ban gyara mata ba.

Mun haɗu da Zarami a baranda. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya tambayi marasa lafiya. Na ce da sauƙi. Ya ce, "Alhamdu lillahi," da zuciya ɗaya.

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe

Kwana ashirin da takwas, magani ashirin da ɗaya. Na kankari biyu na duba a madubi, babu komai. Na ratsa da kowanne ta bokitin ruwa mai tsabta, sannan na sake su a zaure ɗaya bayan ɗaya. Na shida ya kori mai zanen rawaya daga kusurwarsa, duk da ya ninka shi biyar. Baba Garba ya ce, "Ɗan gari ke nan."

Zan jira mako guda kafin in rubuta.

Alhamis, 12 ga Satumba, ƙarfe shida na safe

Goma sha biyar. Babu ɗigo.

Litinin, 16 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na kai wa Zarami rahoton da kaina. Ofishinsa cike da masu zancen shirin azumi. Na jira har suka fita. Layi uku ne. An keɓe kifi bakwai masu cuta, ɗaya ya mutu a keɓe. An cika wa'adi ba a rage ko yini ɗaya ba. Daga cikin tara masu lafiya da aka haɗa su da su, babu wanda ya kamu.

Ya karanta a tsaye, yana murmushi, har ya kai layi na uku.

"Ba ko ɗaya?"

"Ba ko ɗaya, Yallaɓai. Kwana goma sha biyun ne kawai ake bukata."

Ya nemi kujera da hannunsa ta baya, bai same ta ba, ya dafa tebur. Na ga fatar bakinsa tana motsi, yana ƙirga wani abu. Na tsaya na kalla. Na daɗe ina tanadin wannan kallo, ban ɗauke ido ba ko kaɗan.

Ya ce, "Malam Ayuba."

Na ce, "A sa hannu a kwafin, Yallaɓai, alamar an karɓa."

Ya sa. Ana karanta sunan.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na wanke tankin keɓewa, na kife shi a rana. Na dawo gida na zauna a baranda, na ciro kwafin domin in ji daɗinsa. Na karanta layi na uku.

Na gaya wa kaina kifi ba 'yan mata ba ne. Na gaya wa kaina tanki ɗaya ba ya tabbatar da komai. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Turanci, yadda nakan faɗa wa ɗalibai. Bai kama ba.

Ashe ni ma a kan "ba tabbas" ɗin nan nake kwanciya, wata goma sha takwas, ban sani ba.

Da yanzu tana aji huɗu.

Saratu ta leƙo ta tambaya takardar mece ce a hannuna. Na ninke ta, na ce ta ofis ce.